Ranar da Ƙwai Ya Dahu a Kaina

Ƙarni ne ya fara gaya min an yi ɓarna, tun kafin idona ya gani.

Ina durƙushe a banɗaki, kaina cikin baho, Yaya tana tsaye a bayana tana kwarara min ruwa. Ɗanyen ƙwai huɗu ta fasa tun da hantsi, ta kaɗa da mayonis, ta lafta min a gashi, wai a waya ta ga ana yi. Abin da ba ta tsaya ta ji ba shi ne da ruwan sanyi ake wankewa. Da yake komai nata na gaggawa ne, ruwan da ta tafasa na shayi ta ɗan sirka ta juye min.

"Yaya, da zafi!"

"Daure, zafin ne ke fitar da maiƙon."

Na buɗe ido na ga wasu fararen gudaji suna yawo a cikin bahon. Na kai hannu kaina na damƙo wani abu mai laushi da santsi, ya manne a kowane sili. Ƙwan ya dahu. A kaina ya dahu, ni da raina da lafiyata.

Na yi yunƙurin amai har sau biyu.

"Subhanallahi," in ji Yaya, ta ja da baya tana toshe hanci. "Auta, kanki wari yake kamar kwandon shara."

"To wa ya zuba sharar?"

Agogon hannunta ta duba. Sha ɗaya ta gota. Ƙarfe biyar Manaja da yayarsa za su zo a tsayar da maganar aurenmu, kuma yayar tasa ta riga ta ce yau sai ta ɗauke ni hoto da gashina a sake, ƙaninta ya ga launin da ya zaɓa.

Manaja shi ne shugaban mijin Yaya a kamfanin kayan gini. A gidan Yaya ya gan ni. Ba zan yi masa sharri ba, yana da mota, yana da turare, yana kuma da wani farin hankici da yake goge hannu da shi duk sanda ya gaisa da mutum. Yayarsa, wadda kowa ke kira Anti, tana da shagon gyaran gashi mai madubi ta ko'ina. Wata biyu ke nan da ta zaunar da ni a kujerarta ta ce ƙaninta ba ya son baƙin gashi, launin zuma yake so.

Ta shafa min farar hodar nan mai cinye baƙin gashi. Da baƙin nawa ya ƙi fita, ta sake shafawa a ranar, sannan ta bi da rini. Na fito da kai mai kama da gemun masara, ita tana tafi tana cewa na zama 'yar gayu.

Daga ranar gashina bai sake shan ruwa ya ƙoshi ba. In ya jiƙe ya yi ta miƙewa kamar cingam, in ya bushe ya tashi buzu-buzu, ya yi kaushi, ya cukurkuɗe. Duk ƙarshen mako Anti ta kama shi da ƙarfe mai zafi ta miƙar, hayaƙi yana tashi, ƙaurin yana bi na har cikin motar haya. Gashin da a da yake sauka har tsakiyar bayana, wanda Umma ta raina da hannunta tun ina yarinya, shi ne yake kakkaryewa a kan matashina kullum safiya.

Babu wanda ya ɗaure ni aka kai ni shagon, gara in faɗi gaskiya. Shekarata ashirin da shida, ina da aikina a kantin magani. Umma ce ta yi kuka, Yaya ta yi magiya, ni kuma na gaji na ce to. Ranar da na ce to ɗin nan na goge lambar saurayina Mai Aski daga wayata.

Shagonsa yana kallon kantinmu, titi ne kawai ya raba. Shekara biyu muna tare. Sau ɗaya tak ya taɓa shigowa gidanmu gaida Umma, ya sake riga, ya sa turare, amma sana'a ba ta ɓuya. Bayan ya tafi Umma ta ga 'yan guntayen gashi a kan kujerarta mai farin lulluɓi, wadda ko mu 'ya'yanta ba ma zama a kai.

Umma kuwa duk duniya ba abin da take ƙyama kamar gashin da ya bar kan mai shi. Sili ɗaya ta gani a tukunya ta bar cin abincin ke nan. Sau biyu ta wanke lulluɓin a ranar, tana tsaki tana tofar da yawu.

"Gashin ƙattin gari a kujerata! Mutumin da ke wuni yana share sumar mutane shi zan ba 'yata? Ya shigo min da ita cikin abinci, cikin shimfiɗa? Wallahi ba da raina ba."

Maganar ta mutu a nan. Ya daina tsallako titi, ni ma na daina ɗaga ido. Sai mako biyu da suka wuce ya shigo sayen auduga, na miƙa masa, ya tsaya yana kallon kantar da ke tsakaninmu. Wani guntun sili ne ya zamo daga ƙarƙashin ɗankwalina. Ya ɗauka ya ɗaga shi wajen haske, ya ja shi a hankali, ya tsinke ba ko gardama.

"Mai Magani, wa ya yi miki wannan aikin?"

"Ba ruwanka."

"Na sani." Ya ajiye silin. "Ki daina bari ana sa masa wuta. Ki riƙa wanke shi da ruwan sanyi sau ɗaya a mako. Kar ki taje shi a bushe. In kin manta duka, ki riƙe wannan: kar rilaksa, man miƙar da gashin nan, ta kusance shi. Gashin da hoda ta ci, in rilaksa ta hau kai, a hannu zai biyo ki."

Ya ɗauki audugarsa ya fita. Ni kuma na shiga bayan kanta na yi kukan da ya sa mai kantin ya ɗauka rasuwa aka yi mana.

A ranar ƙwan kuwa, awa guda ni da Yaya muka yi muna tsince shi da mataji. Haƙoransa uku suka karye. Da gashin ya sha iska sai ya tashi tsaye, ya yi fici-fici, ga ƙarni, ga maiƙo, ga ƙudaje biyu da suka fara yi min rakiya daga banɗaki zuwa falo. Umma ta leƙo daga kicin, ta dube ni, ta yamutsa fuska ta koma.

Yaya ta fita kantin bakin layi ta dawo da kwali a hannu.

"Rilaksa ce kawai za ta kwantar da wannan dajin. Minti goma ya yi santsi, mu fesa turare, shi ke nan."

Na tuna gargaɗin Mai Aski.

"A'a, Yaya. Ba a sa wa rinannen gashi."

"In ji wa?"

Da na sani da na ce a jikin kwalin na karanta. Amma bakina ya riga hankalina.

"Shi ya ce."

Umma ta fito da ludayi a hannu.

"Shi wa? Ɗan askin nan? Ashe har yanzu kuna magana?"

"Umma, auduga ya zo saya..."

"Yo me zai ce dama? So yake ki fito gaban mutane kamar mahaukaciya, su fasa, ya samu yadda yake so. Me mai aske ƙeyar ƙatti ya sani game da gashin mace?"

"Umma, don Allah ki saurare ni," na ce, hawaye ya riga ya zubo. "Na bar shi don kin ce in bar shi. Na zauna an ƙona min kai don kun ce in zauna. Wata biyu ban kalli madubi na ji daɗi ba. Kullum in na tashi sai na kakkaɓe matashina a ɓoye don kar ki gani ranki ya ɓaci. Me kuma ya rage ban yi ba? Wannan ɗayan kawai nake roƙo."

"Ni ma don wa nake yi?" Muryar Umma ta karye. "Tun da mahaifinku ya rasu, wa ya tsaya muku in ba ni ba? So nake in gan ki a inuwa, Auta. So nake in rufe ido na san ba za ki wahala ba. Laifi na yi?"

Yaya ta durƙuso kusa da ni, ta sassauta murya.

"Ki tuna da mijina. Shekara shida yana jiran ƙarin girma, Manaja ya ce bayan biki. In yau Anti ta ga kan nan haka, kin san bakinta. Ki rufa min asiri."

Umma ta share ido da bakin zaninta, ta yanke hukunci.

"In dai shi ya ce kar a sa, a sa."

Aka sa.

Warin rilaksa ya haɗu da ƙarnin ƙwai, wani irin haɗi da ban taɓa shaƙa ba, ba na kuma fatan maƙiyina ya shaƙa. Minti biyar fatar kaina ta ɗauki raɗaɗi. Minti bakwai na fara buga ƙafa. Yaya ta ce alamar yana ci ke nan, ta ƙara min uku.

Na sake durƙusawa gaban bahon. Ta zuba ruwa, ta sa yatsu ta tsefe daga goshi zuwa ƙeya, sai na ji kaina ya yi sakayau ta gefe ɗaya. Wani abu ya faɗa cikin ruwan, tim.

Yaya ta ƙwalla ƙara.

Gashina ne a hannunta, dam guda, ya narke ya yi yauƙi yana ɗiga ta tsakanin yatsunta. Ta yarfar, wani ya sake biyo ruwan da kansa. Kafin ƙiftawar ido magudanar banɗakin ta toshe, ruwa mai kumfa ya taru har idon sawu, gashi yana iyo a kai.

Umma ta zo da gudu ta tsaya a bakin ƙofa. Na jira tsakinta, na jira ta tofar da yawu. Sai kawai ta sulale ta zauna a ƙasa, ludayin ya faɗi.

"Gashin da na raina," take ta faɗi. "Gashin da na raina."

Garin neman gira an rasa ido. Na miƙe, ruwa yana bin wuyana, na ɗauki wayata. Lambar da na goge tana nan daram a kaina, ba ta je ko'ina ba.

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Sun sa," na ce.

"A cikin kwalin akwai wata 'yar ƙaramar leda ta sabulun ruwa. Kun wanke da ita?"

Na dubi Yaya. Ta nuna kwandon shara, ita a zatonta kyauta ce aka haɗo da ita.

"Ku ɗauko yanzu. Ita ce ke kashe ƙarfin man, in ba haka ba yana nan yana ci. Da ruwan sanyi. Kumfar za ta fito ja-ja, ku yi ta wankewa sai ta koma fara. Ga ni nan."

Sau huɗu muka wanke kafin ta yi fari. Muna gamawa muka ji sallamarsa. Daga baya na ji ashe ya bar wani a kujera da rabin aski.

Bai shigo ba. A bakin ƙofar falo ya durƙusa, 'yar jakarsa a gefe, idonsa a ƙasa.

"Umma, ina wuni."

Ba ta amsa ba. Bai damu ba, ya ce a kawo masa kaɗan daga wanda ya zube. Yaya ta kwaso a abin kwashe shara, ta miƙa masa daga nesa tana kau da kai. Shi kuwa da yatsunsa ya ɗauka, ya murza, ya ja. Abin ya miƙe, ya miƙe, ya rabu.

"Wannan ya riga ya tafi, babu man da zai dawo da shi. A gindi akwai baƙi?"

Yaya ta duba kaina tana ɗauke numfashi. "Akwai. Kamar gaɓar yatsa ɗaya."

"Alhamdulillahi. Shi ne sabon da ya fito bayan rinin, hoda ba ta taɓa shi ba. Shi za a ceta. In aka bar mataccen a jikinsa zai yi ta tsagewa yana hawa har ya cinye shi. Sai an yanke."

Ya buɗe jakar ya fito da almakashi, ya goge shi da auduga, ya riƙe ta wajen tsinin ya miƙa wa Umma mariƙin.

"Ni?" in ji Umma. Ita ce kalmar farko da ta taɓa haɗa su tun ranar kujera.

"Ba ni da hurumin taɓa kanta, Umma. Ke kika raine shi, ke kika san kwanciyarsa. Zan faɗa miki yadda za ki yi."

Banɗaki ya cika da ruwa, ɗaki kuma duhu, don haka a falo aka shimfiɗa tsofaffin jaridu kusa da taga. Na zauna a ƙasa, Umma ta zauna a bayana kamar yadda take yi ina 'yar firamare. Shi ya juya mana baya yana fuskantar waje.

"Ki kama kaɗan-kaɗan tsakanin yatsu biyu. Inda baƙi ya ƙare ja ya fara, nan za ki sa almakashin."

Na ji ƙaras na farko a bayan kunnena. Wani ɗumi ya ɗigo min a wuya, na san ba ruwa ba ne.

"Kana jin warin da nake yi?" na tambaye shi.

"Ina ji. Ƙwai ne da rilaksa. Kwana biyu zai tafi."

"Ba ka ji ƙyamata ba?"

"Mai Magani, kawuna ashirin nake riƙewa a wuni. Mai gumi, mai ƙuraje, mai amosani, har wanda mai shi ya manta rabonsa da sabulu. Da ina ƙyamar kan mutum da yunwa ta kashe ni. Naki kuwa..." Ya tuna Umma tana wurin. "Naki ma zai warke."

"Na ƙi jin maganarka."

"Kin ji. Rinjayar ki aka yi."

"Na goge lambarka."

"Na lura. Amma ga shi kin kira."

Kuka ya ƙwace min sosai, har Umma ta dakata da yankan. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ci gaba da magana a hankali, kamar mai karanta wa mara lafiya ƙa'idar shan magani. Wata shida ba rini, ba rilaksa, ba ƙarfe mai zafi. In na wanke in shafa kwandishina, man laushin gashi, in bar shi ya jima kafin in ɗauraye. In taje shi yana da danshi, da mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa gindi. In zan kwanta in ɗaura ɗankwali mai santsi, don na auduga tsotse shi yake yi.

"Man zaitun fa?" Umma ce ta tambaya, ba ta ɗago ba. "Ni da shi na raine shi."

"Yana da kyau, Umma, amma bayan ruwa. Ruwa ne ke shayar da gashi, mai tsare shi kawai yake yi kar ya gudu. In aka shafa a busasshe, maiƙo ne kawai a sama, ciki yana nan da ƙishinsa."

"Uhm," in ji Umma. Wanda ya san Umma ya san wannan uhm ɗin ba ƙaramar kyauta ba ce.

Saura tsagi biyu a gama muka ji hon a waje. Yaya ta leƙa ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku, su ne! Huɗu fa ko cika ba ta yi ba!"

Anti ba ta san jiran izini ba. Ta ratsa ta gefen Mai Aski kamar ba mutum a wurin, ta faɗo falo da ƙatuwar jakarta, Manaja yana biye cikin fararen kaya. Yaya a ruɗe ta kunna fanka wai ta kori warin. Jaridun suka tashi, busasshen gashin ya watsu ko'ina, jiƙaƙƙen ya zauna dam-dam a kan tayil.

Na ja ɗankwali zan rufe kaina, Anti ta riga ni, ta fizge shi.

"Me zan gani haka? Wa ya lalata min aiki? Awa biyar na yi a kan nan!"

"Rilaksa ce..." in ji Yaya.

"Rilaksa a kan rini? Kai, jahilci bai yi ba. Ai sai ku tambayi masana."

"Masanan da suka shafa min hoda sau biyu a rana ɗaya?" na ce.

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta zuge jaka ta zaro hular gashi launin zuma, doguwa, mai sheƙi, ta kakkaɓe ta.

"Allah ya so ki ina yawo da ita. Sa wannan mu ɗauki hoton, ba wanda zai sani."

Manaja kuwa yana tsaye a gefe. Farin hankicin nan ya fito, yana manne a hancinsa. Idonsa ya sauka a kaina sau ɗaya, ya ɗauke da sauri kamar ya ga mushe a hanya. Bai ce sannu ba. Bai tambayi jan da ke goshina ba, inda man ya ƙona ni.

"Mama, a buɗe tagogin nan mana," ya ce ta cikin hankicin.

Ya matsa baya, ƙafarsa ta sauka a kan wani jiƙaƙƙen dam. Ya ɗaga takalmin, abin ya biyo shi yana reto, da ɗan guntun ƙwai a jiki.

"Tir! Wace irin ƙazanta ce wannan?" Ya waiga ya ga Mai Aski a bakin ƙofa. "Kai, zo ka cire min wannan abin."

Jinina ya tafasa. Na buɗe baki, Mai Aski ya girgiza min kai kaɗan. Ya cire takalmansa ya shigo, ya durƙusa, ya zare gashin daga takalmin Manaja a hankali. Bai yar ba. Ya kama bakin rigarsa ya yi ƙunshi da ita ya sa a ciki. Sannan ya kashe fankar, ya bi falon da gwiwa yana tsincewa, ƙarƙashin tebur, bayan labule, gindin kujera, jiƙaƙƙe da busasshe, duk yana tarawa a rigarsa.

Umma tana zaune da almakashi a hannu, idonta yana bin sa duk inda ya yi.

Manaja ya goge takalminsa da jarida, ya goge hannun da bai taɓa komai ba da hankici.

"Ba komai, Mama, ni mai haƙuri ne. A ɗaga maganar wata huɗu. Ta riƙa sa hular. In ya ɗan taso sai Anti ta sake rina shi, wannan karon a kula."

"A sake?" na ce.

"To da haka zan kai ki cikin mutane?"

Na miƙe tsaye. Kaina ba nauyi, iska tana taɓa fatar da ba ta taɓa taɓawa ba. Na karɓi hular daga hannun Anti, na ninke ta biyu, na mayar mata cikin jaka na zuge.

"Ki kai wa mai bukata. Launin zuma kake so, ga shi nan a jakar yayarka, ba sai ka haɗa da ni ba."

"Auta!" Yaya ta riƙo hannuna, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ki tuna abin da na gaya miki. Umma, ki yi mata magana!"

Kowa ya juya ga Umma. Ni kaina ban san me za ta ce ba, kuma na san in ta sake yin kukan nan nata, ƙila in sake cewa to.

Umma ta ajiye almakashin a kan tebur. Ta miƙe, ta shiga kicin, ta fito da tsintsiya. Ta zo gaban Manaja ta sunkuya.

"Ɗaga ƙafarka, shara zan yi."

Ya matsa. Ta share inda ya tashi, ta bi shi.

"Ƙara matsawa."

Ya ƙara. Tsintsiyar ta sake cim masa. Taku huɗu sai ga shi a waje, Anti tana bin sa tana zazzaga masifa, tana cewa za mu gani, kuma mijin wata zai gani. Motar ta tashi da ƙarfi. Yaya ta zube a ƙasa ta rushe da kuka, na ji tausayinta har cikin raina, don na san gobe da safe mijinta ne zai shiga ofishin nan.

Mai Aski ya miƙe, yana rungume da ƙunshin rigarsa. Gabanta duk ya jiƙe, gashi ya manne masa a hannu, a wando, har a gemu, ga ƙarnin da yanzu ya koma jikinsa.

"Umma, saura tsagi biyu ta ƙeya. In kin gama a shafa mata man ƙuna a goshi. Ni zan koma, na bar mutum a kujera."

"Wanda ya jira awa biyu zai jira uku," in ji Umma. "Ban iya ƙeya ba, sai kana faɗa min. Kuma kar ka sa a ranka wani abu na ce. Ban ce komai ba tukuna."

"Na ji, Umma."

Ya nufi bakin ƙofa zai koma inda ya durƙusa ɗazu. Umma ta ɗaga tsintsiyar ta nuna masa kujerarta mai farin lulluɓi.

Ya dubi kujerar, ya dubi jikinsa.

"Umma, kayana duk gashi ne."

"Na gani," ta ce, ta ɗauki almakashin. "Gashin 'yata ne. Zauna."